Ga Ƙannena Masu Son Haɗa Wasan Daɓe Mai Waƙa

Da zarar kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, jiki ya huta da fartanya, sai ka ji samari a ƙauyukanmu sun fara zancen haɗa wasa. Wasu daga cikinku sun san na taɓa jan ragamar irin wannan a garinmu da ke ƙasar Gaya, don haka sukan tare ni su tambaya ta ina za su fara. Sukan zaci zan ce su fara da labari ko da waƙa. Ni kuwa cewa nake yi su fara da zaurukan iyayen yaran da za su fito a wasan, musamman iyayen 'yan mata, domin a nan na yi kuskuren da har yau yake damuna.

Wasanmu na farko a kan karatun 'ya mace ne. Muna da 'yan amshi mata, da yarinya guda mai zaƙin murya da za ta ja waƙoƙin. Abin da kawai na yi shi ne na ce musu kowace ta faɗa a gida. Na ɗauka wannan ya zama izini. Muka riƙa yin rihazal, wato gwajin wasa, bayan sallar Isha'i a wani aji na makarantar firamare, da fitila guda, saboda lokacin ne samarin suke da sarari. Ba mu aikata wani abin kunya ba, Allah ne shaida. Amma mai wucewa ba ya ganin zuciya, abin da yake ji shi ne tafi da muryar 'yan mata cikin dare a ɗaki ɗaya da samari. Ana saura kwanaki kaɗan a yi wasa, iyaye suka janye 'ya'yansu gaba ɗaya.

Na je wurin mahaifin yarinyar da ke jan waƙar, na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, wallahi ba wani abin assha muke yi ba, wasa ne na wayar da kai."

Ya ce, "Ɗana, ni ban ce kuna assha ba. Amma a bakin mutane a tsakiyar kasuwa na fara jin cewa 'yata tana waƙa. Ubanka abokina ne, zauren nan bai taɓa rufuwa gare ka ba. Me ya hana ka zo?"

Ba ni da amsa. Kuma abin da nake so ku riƙe shi ne, ba ni na biya kuɗin wannan ganganci ba. Ni namiji ne, aka yi mini faɗa, magana ta wuce. Ita kuwa surutun ya bi ta watanni, har a bakin rijiya ana nuna ta. Yarinyar da ta amince da ni, ta ba ƙungiya muryarta kyauta, ita ta ɗauki nauyin sakacina. Duk wanda zai sa 'yar wani a daɓe, ya sani sunanta aka ba shi amana kafin muryarta.

Saboda haka ku nemi dattijo guda ya raka ku. Ku fara da mai unguwa, shi zai kai ku gaban dagaci, sannan ku je wa liman ku karanta masa labarin daga farko har ƙarshe, har da baitocin waƙa, kada ku ɓoye wurin da kuke jin zai yi ƙorafi. In ya ce a gyara wani abu, gara ku ji tun yanzu. Sannan ku bi gida gida. Ku roƙi wata dattijuwa da gari yake ganin girmanta, ko malamar Islamiyya, ta riƙa zama wurin rihazal. Ku mayar da lokacin tsakanin La'asar da Magariba, a fili inda kowa zai iya tsayawa ya kalla. In akwai rawa, mata su yi tasu, maza su yi tasu. In kuma kuna da niyyar ɗaukar wasan a bidiyo don a sayar ko a nuna a gidan kallo, jihar Kano tana da Hukumar Tace Finafinai tun 2001, ku je ku tambayi ƙa'idarta kafin ku kashe kuɗi.

Sai maganar kiɗa, wadda a kanta zan ɗan daɗe.

Da muka rasa 'yan amshi, sai na yi dabarar da na zaci wayewa ce. Muka yi karo-karo, na shiga birni, aka buga mana waƙoƙin da fiyano a situdiyo, muka dawo da su a waya don a saka a lasifika, 'yan wasa su riƙa motsa baki. Mamin ke nan, irin na fim. A fim yana tafiya, domin mai haɗa hoto yana yanke inda baki bai dace da waƙa ba. A daɓe kuwa mutane ne a gabanka da ransu. Wani ya yi abin dariya, fili ya ɗauka, sai ka ga ana buƙatar a ɗan dakata dariyar ta lafa, amma na'ura ba ta san jira ba. Waƙa ta wuce, baki na baya, baiti na gaba. Dattawan da ke kan benci kuma ba su kama kalma ko guda ba, domin muryar da injin situdiyo ya siranta ba irin wadda kunnensu ya saba da ita ba ce. Mutane suka kalla, suka watse, washegari babu yaro ko ɗaya da ke rera waƙarmu a hanyar kiwo. Da wannan nake auna waƙar wasa har yanzu.

A karo na gaba na koma wa makaɗin garinmu, tsoho mai kalangu da ke yi wa mahauta kiɗa ran kasuwa. Nan ma na sake yin kuskure, don na kira shi ne bayan na gama rubuta komai, kamar wanda aka ɗauko haya ya cika gurbi. Ya saurari baiti biyu ya ajiye kalangun. Ya ce, "Yaro, wannan abin magana yake yi. Bakinka na hawa inda kalmar take sauka, to wanne zan bi?"

Abin da yake nufi ya ɗauke ni lokaci kafin in gane. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da hawanta ko saukarta, tana kuma da tsayinta ko gajartarta. Mai kalangu yana matse igiyoyin a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, da haka yake fitar da kirari har mai shi ya ji sunansa daga nesa. Ni kuwa na ɗauko karin wata waƙa da nake ji a waya, na cusa masa kalmomi da ƙarfi, gaɓa mai tsayi na guntule ta, mai sauka na ɗaga ta. Shi ya sa mai sauraro yake jin daɗin sautin amma ba ya gane abin da ake faɗa. Muka zauna da tsohon nan a ƙofar gidansa, ina faɗin baiti da baki kamar magana, yana fitar da shi a kalangu, inda ya ƙi shiga mu canja kalma. Kusan rabin abin da na rubuta ya zube, abin da ya rage kuma ya zauna daram. Ku kira makaɗi tun ranar da za ku fara tsara waƙa, ku ba shi wurin zama na malami. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amshi kuma ya zama gajere, layi ɗaya, wanda in an maimaita shi sau biyu 'yan kallo za su karɓa da kansu. A nan 'yan mata sun fi mu sani, don haka ku saurare su. Sun taso da gaɗa a dandali, sun san yadda mai ba da waƙa take jefawa 'yan amshi su cafe, sun san inda tafi yake faɗawa. Iyayensu mata sun san shantu da kiɗan ƙwarya. Wannan duk dukiya ce da ke cikin gari, ba ta buƙatar janareto. Kuma kowace waƙa ku gwada ta da tambaya guda: in aka cire ta, labarin zai rasa wani abu? In uwa za ta sanar da 'yarta an tsayar da ranar aurenta, a bar waƙar ta faɗi labarin, kada a faɗa da baki sannan a sake rerawa. Waƙar da aka saka don ado kawai, lokacinta ne mutane ke tashi sayen gyaɗa.

Na ga matasa da yawa suna jin cewa wasa bai cika ba sai ya yi kama da fim. Ku tuna cewa haɗa kwaikwayo da waƙa ya girmi kyamara a ƙasar nan. Tashe da yara ke yi daga goma ga watan azumi kwaikwayo ne da waƙa da amshi da shigar ban dariya. Kalankuwa da samarin karkara ke yi bayan girbi, inda suke naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, ita ma kwaikwayo ce ta gari guda. Masana'antar fim ɗin ma daga ƙungiyoyin wasan daɓe ta fito: ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta yi Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa.

Akwai wani abu da na yi wanda ya fi na kiɗa muni. Na fito a matsayin wani attajiri marowaci, kuma don in samu dariya sai na ɗauko tafiyar wani mutumin garinmu, da yadda yake gyaran murya kafin ya yi magana, da yadda yake karkata hula. Ban ambaci sunansa ba, amma ina fitowa fili ya gane. Aka yi ta shewa, ni kuma ina jin na iya. Ɗansa yana cikin 'yan amshinmu, yana tsaye a bayana yana jin gari na yi wa ubansa dariya. Bai sake zuwa rihazal ba, kuma gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba ko bayan na je na ba da haƙuri. A birni ɗan wasa yana sauka daga daɓe ya ɓace cikin jama'a. A ƙauye da asuba za ku haɗu da mutumin a sahu ɗaya. Ku soki rowa, ku soki zalunci da cin amanar marayu iya ƙarfinku, wannan aikin wasa ne. Amma ku gina mutumin daga hali, kada ku ɗauko shi daga ƙofar gidan wani.

Abin da ya sa babu wanda ya tsayar da ni shi ne na haɗa wa kaina komai: ni ne darakta, ni ne jarumi, kuɗin ma a aljihuna suke. Wanda ke cikin wasa ba ya ganin wasa. Ku raba aikin. Mai ba da umarni ya tsaya a waje yana kallo. Ma'aji ya zama wani daban, da littafi, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa, kuma a ware haƙƙin makaɗi kafin a sayi yadin labule, don shi sana'arsa ce. Kada ku sa rihazal ranar Juma'a in kuna kusa da Wudil, rabin samarinku suna kasuwar shanu.

Kai kuma da aka ba ka amshi alhali ka so a ba ka jarumi, da ke da aka ce ki tsaya a layin baya, kada ku yi fushi ku daina zuwa. Mai jan waƙa in ya manta baiti, amshi ne ke ba shi lokacin tunawa, kuma a layin baya ake koyon numfashi da bin kiɗa ba tare da idon gari a kanka ba. Ku kula da murya, don wasan yakan faɗo cikin hunturu, ga ƙura ga bushewar maƙogwaro. Ku sha ruwan ɗumi, ku bar ihu a rihazal, ku koyi ɗauko numfashi daga ciki maimakon matse wuya. In kuna magana ku fuskanci mutane, kada ku ba su ƙeya, in an yi dariya ku jira ta sauka kafin ku ci gaba.

Rihazal na ƙarshe ku yi shi a ainihin filin da za a yi wasan, a daidai lokacin da za a yi shi, don ku ga inda rana take dukan idon 'yan kallo da inda iska take kai sauti. Ku samo mutum biyu da ba su taɓa jin labarin ba, tsoho da yaro, ku zaunar da su can ƙarshen fili inda mata da ƙananan yara suka saba tsayawa. In an gama ku ce su ba ku labarin, su kuma rera muku amshin. Duk wurin da suka kasa, ku koma kansa a ranar ku gyara.