Mako na shida da kwarashi: da'irar da ta ƙi kwanciya

'Yan uwana masu koyo, ga inda na kwana. Sarƙa ta zauna a hannuna, gajeren ƙulli ma haka, dogon ƙulli ne dai har yanzu wani ke fin wani tsawo. A wannan makon na bar saƙar layi-layi na koma zagaye, don burina kafin azumi in saƙa wa ɗana farar hular nan da muke kira tashi-ka-fiye-naci.

Garin neman yadda ake fara tsakiyar hula na yi ta cin karo da 'yar hular Yahudawa, wadda suke kira kippa da Ibraniyanci, yarmulke kuma da harshen Yiddish. Maza ke ɗora ta a tsakiyar kai wajen addu'a, masu riƙon addini sosai kuwa wuni suke da ita. Ba ta rufe kai duka, shi ya sa ake maƙale ta da ɗan abin matse gashi. Ashe ko kayan da aka yi ta da shi ma magana ne: a Isra'ila baƙa ta karan-miski an fi ganinta kan 'yan Haredi, wato Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, saƙaƙƙiya ta kwarashi kuwa, kippa seruga, an san masu addini 'yan kishin ƙasar da ita. Ni abin da ya ja ni, ita ce saman hular da nake so, an cire mata gefe. Sai na ce bari in gwada hannuna a kanta.

Masu saƙa ta siririn zaren auduga suke amfani da shi, irin na kamfanin DMC lamba 8, da kwarashin ƙarfe ɗan mitsitsi. Ku lura, a wannan zaren in lamba ta hau kauri raguwa yake yi. Na ɗauki kwarashi mai milimita 1.25, kafin la'asar idona ya fara ruwa.

Lissafin ba wuya a baki. Gajeren ƙulli 6 cikin zobe, zagaye na biyu 12, na uku 18, kowane zagaye ƙarin 6. A na goma ya kamata a samu 60. Ni da na ƙirga sai na samu 74, don ina saƙa ina sauraren hirar maƙwabciya. Bakin ya yi ta lanƙwashewa kamar ganyen latas. Na warware, na sake, wannan karon tsoro ya sa na rage ƙarin da yawa, sai ga shi ya tashi ƙoƙo, ko ƙwai ba zai faɗo daga ciki ba. A karo na uku na soka fil a ƙullin farko na kowane zagaye, nan ne ta kwanta. Sai kuma na ga ta fito da kusurwa shida, saboda ƙarin da nake jerawa wuri ɗaya, wani kan wani. A riƙa gusar da wurin ƙarin, shi ke nan. Can kusa da baki ne ake sassauta ƙari kaɗan-kaɗan don ta ɗan yi doro ta bi kai.

Da ragowar zaren na taɓa saƙar leshi. A wasu majami'un Yahudawa a Amurka ana ajiye ɗan zagayayyen leshi a ƙofa don matan da ke son rufe kai. Sirrin ramukan ashe sarƙa ce: a yi sarƙa uku, a tsallake ƙulli biyu, a kama na gaba. Ya fi kippa sauri nesa ba kusa ba, amma da na gama ya dunƙule kamar tsumma. Sai da na jiƙa shi da ruwan sitaci, na baje shi kan matashi na kafe da fil ya kwana, sannan ramukan suka buɗe.

Kippar tawa ta tsaya a santimita 13. Gobe zan auna kan yaron da zare in ga zagaye nawa ya rage kafin in daina ƙari in fara sauko da gefe, in dai ya yarda ya zauna.