Kwalbar Gwaggo da taron bayan la'asar

Ranar Asabar mai unguwa ya aiko yaro shagona, wai kwamitin lafiya na yankinmu, wanda ake ce wa COSA, zai zauna bayan la'asar, ana son jin ta bakin jama'a kan labo, wato ɗakin awon jini da fitsari da majina. Na lulluɓe keken ɗinki na tafi, ko da yake na san yadda ake yi: a shimfiɗa tabarmi, a yi bayani da Faransanci, a juya da Fillanci, kowa ya gyaɗa kai a watse.

Amma ranar an yi magana. Wani ya nemi janareta, don a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa, garinmu na arewacin Kamaru, ke haura digiri 40, da wuta ta ɗauke firjin magani ya zama akwatin banza. Wata ungozoma ta yi kuka da awon taifot ɗin nan, Widal, mai nuna cuta a jikin wanda ma ya daɗe da warkewa, a yi ta ɗirka wa mutum ƙwayoyi alhali zazzaɓin sauro ke cinsa. Ta yi gaskiya. Dattawa kuwa injuna suke so, sababbi fil a leda.

Da aka zo kaina na ce ni labarin kwalba zan ba su.

Shekara uku ke nan Gwaggona ta ji ƙullutu a mama. Wata huɗu tana ɓoyewa don kunya, tana shafa man zafi. Da muka samu ta yarda aka je asibiti, likita ya yanki ɗan nama, bai fi ƙwayar wake ba, ya jefa a kwalba mai ruwan formol, maganin hana nama ruɓewa. Sai aka miƙo mini kwalbar da takarda, aka ce anapat za a yi, wato awon naman don a gane cutar, a Yawunde, babban birnin ƙasa. Ni ne ɗan aike ke nan, tela, wanda bai taɓa jin kalmar ba.

Na naɗe ta da leda biyu da ƙyallen atamfa, na cusa a aljihun gaba, na hau mota zuwa Ngaundere. Duk hawan dutsen nan na kusa da gari hannuna na kan ƙirjina, ina tsoron kada murfin ya kwance, warin formol kuwa har idona yana yaji. A tashar jirgin ƙasa na damƙa ta ga ƙanin wani abokina mai fataucin shanu, wanda zai bi jirgin dare. Tafiyar da ta kai wajen kilomita 900, amanar naman mutum tana hannun wanda ban san ko sunan mahaifinsa ba.

Daga baya ne wani ma'aikacin labo ya fahimtar da ni abin da ake yi wa naman. Ana busar da ruwan jikinsa, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri fiye da fatar albasa, a rina shi, sannan likitan wannan fanni ya duba a madubin ƙara girma. Ya ce ruwan formol ɗin ya kamata ya ninka naman kamar sau goma, in ya zube a hanya naman ya lalace, sai an sake yanka. Babu wanda ya faɗa mini haka ranar da aka ba ni kwalbar.

Sakamako ya zo bayan mako bakwai, hoto a WhatsApp. Faransancina na firamare ya ƙare a layi na biyu. Ɗan maƙwabcinmu mai karatun jami'a ya karanta, ya iso kan kalmar carcinome, wato ciwon daji, ya yi shiru ya miƙo mini wayar.

"Kai ɗan nan, me takardar ta ce?"

"Gwaggo, sai likita ya gani."

"To, Allah Ya sa mu ji alheri," in ji ta, ta ci gaba da tsince shinkafa. Kwana goma muka yi haka kafin mu samu ganin likitan.

Shi ya sa na ce wa taron injuna ba laifi, amma a fara ɗauke wa dangi dakon kwalba. Asibitin da ya yanka shi zai aika, da lamba, da ranar da za a dawo. Cibiyar Pasteur da aka kafa a Yawunde a 1959 tana da reshe a nan Garwa tun 1985, ashe aikin labo mai zurfi ba baƙo ba ne a Arewa. A kuma rubuta kuɗin kowane awo a bango, kamar yadda mai ciki ta san sefa 6,000 ne Chèque Santé, shirin biyan kuɗin awon ciki da haihuwa, tun zuwansa yankunanmu a 2015. Sannan a samu mutum guda, mace in mace ce majinyaciyar, da zai zauna ya fassara takarda da Fillanci ko Hausa a ranar da ta iso.

Wani dattijo ya ce, "Yaro, ka cika tsawaitawa, magariba ta gabato." Na ce, "A gafarce ni, Baba Alhaji, na gama." Sakatare ya rubuta wani abu. Na tambaya yaushe za mu ji amsa, shugaban kwamiti ya ce a zama na gaba, bayan an cire auduga.

Da na koma gida na tarar da Gwaggo a tsakar gida, mayafi ya rufe gefen da aka cire mata mama. Na ba ta labarin taron kaf. Abin da kawai ta tambaya shi ne ko an bar mata sun yi magana, na ce mace ɗaya.