Ranar da Hausata ta gaza a gaban majinyaciya

Yau na kammala shekara ta huɗu a karatun likitanci a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, saura shekara biyu, sannan shekara guda ta horon aiki a asibiti. A shekarun farko mun haddace sunayen ƙasusuwa 206 na jikin baligi, har na ɗauka cewa wahalar duka a cikin littafi take. Da muka fara zagayen ɗakunan jinya, sai aka haɗa ni da wata dattijuwa daga wajen Jibiya, na auna jininta na samu 170 a kan 100, alhali ana so ya kasance kusa da 120 a kan 80, wato tana da hawan jini. Bayanin da na iya da Turanci ya gagare ni da Hausa, abin kunya ga ɗan Katsina, sai ta ce, "Ɗana, gaya mini abin da zan yi kawai." Na ce, "Mama, ki rage gishiri, kuma kada ki daina shan magani ko da kin ji sauƙi." Tun daga ranar nake rubuta sunayen cututtuka da Hausa a bayan littafina, yanzu sun cika shafi 12.