Ina Abuja Aka Rubuta Sunayen Daliget

Ƙuri'a huɗu na samu. Har yau idan na tuna yadda jami'in zaɓen ya ɗaga murya ya kira sunana, ya ce huɗu, sai ƙirjina ya yi nauyi kamar jiya abin ya faru. Shekara takwas ina shugabar mata ta jam'iyyarmu a ƙaramar hukuma. Babu gidan suna, biki ko ta'aziyya da ban taka ba a mazaɓunmu goma sha ɗaya. Amma da aka zo zaɓen fidda gwani na kujerar majalisar dokokin jiha a watan Mayun 2022, abin da ya zo hannuna ke nan.

Masu zuwa yi min jaje kusan duk bakinsu ɗaya: kuɗi ne suka kayar da ni. Ba zan ce babu gaskiya a ciki ba. Sai dai ni na san ranar da na faɗi, kuma ba ranar zaɓen ba ce. Na faɗi ne tun kwanaki kafin nan, ina zaune a wani ɗakin taro mai sanyi a Abuja, da biro da littafi a gabana.

A shekarar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa ya kai naira miliyan 100 a APC, miliyan 40 a PDP, manyan jam'iyyun sun yafe wa mata kuɗin fom ɗin tsayawa takara, na nuna sha'awa kawai za mu biya. Mun yi guɗa, mun yi ta aika wa juna saƙon barka a WhatsApp. Na ajiye muƙamina, na biya, na wuce tantancewa ba tare da wata matsala ba. Kuma ina da lissafina a kai: shugabannin jam'iyya na mazaɓu, sakatarori, shugabannin mata da na matasa, kansiloli. Waɗannan su ne muka saba gani a layi ranar fidda gwani saboda muƙaminsu, kuma mafi yawansu mun ci gishirin juna. Na ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya a bayan wani tsohon kalanda, na ga ina da rinjaye.

Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne sabuwar Dokar Zaɓe da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022. Sashe na 84 na dokar ya ce idan jam'iyya za ta yi zaɓen fidda gwani ta hanyar wakilai, to daliget ɗin da aka zaɓa musamman domin wannan aikin ne kaɗai za su jefa ƙuri'a. Masu muƙami an bar su a waje. Na ji labarin, ba wai ban ji ba. Na kuma ji cewa Majalisar Tarayya ta yi gyaran gaggawa a watan Mayu domin a mayar da su. Kowa a ofishin jam'iyya cewa yake yi, "Ai Baba zai sa hannu." Bai sa ba har aka gama zaɓukan. Mutanen da na shekara takwas ina ginawa, ranar da nake buƙatarsu, ko ƙofar zauren ba a bari sun shiga ba.

Akwai wadda ta hango min wannan. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tsohuwar 'yar PRP ce, tana cikin matan Arewa da suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen 1979, kuma ba ta gajiya da ba da labarin Hajiya Gambo Sawaba da yawan ɗaurin da ta sha. Na je gaishe ta da atamfar ankon da na fitar, mai hotona a jiki. Ta shafa atamfar, ta ce tana da kyau, sannan ta ɗago ta dube ni.

"'Yar nan, wa ya sayi fom ɗin daliget?"

Na ce, "Gwaggo, ai shugabanni na nan, su za su kula da wannan."

Ta ninke atamfar ta ajiye gefe, ta ce, "To, Allah ya sa."

Wannan tambayar ita ce siyasar gaba ɗaya, ni kuwa na amsa ta kamar an tambaye ni wa zai kawo kujerun haya. Shi daliget ma fom yake cikewa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Abin da na kashe a kan anko kaɗai ya isa in saya wa mutanena fom a kowace mazaɓa har da canji. Abokin takarata bai buga anko ba, allunan tallansa ma ba su kai nawa yawa ba. Fom ɗin daliget ya sa aka kwaso masa gaba ɗaya, aka cike su da sunayen da yake so.

Ranar da aka sa za a zaɓi daliget a mazaɓu ta zo daidai da wani taron horar da mata 'yan takara a Abuja. An gayyace ni, an biya kuɗin mota da masauki, kuma gaskiya raina ya so. Zan zauna da mata daga jihohi daban-daban, zan ga wasu daga uwar jam'iyya. Kafin in tafi na kira shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma, na ce, "Ranka ya daɗe, maganar daliget fa?" Ya ce, "Hajiya, ki tafi hankalinki kwance. Ai ke tamu ce." Na tafi.

Ana cikin koya mana yadda ake magana a gaban kyamara wayata ta yi ta ƙara a jaka. Ƙanwata ce. Na fita baranda na ɗauka.

"Yaya, a nan fa babu wani zaɓe. Tun ƙarfe tara muke ofishin mazaɓa, a kulle yake da kwaɗo. Yanzu wani ya zo a babur ya ce mu watse, an gama, sunaye sun tafi jiha."

Na tsaya riƙe da ƙarfen barandar ina kallon motoci a ƙasa. Ko a lokacin ban gane girman abin ba. Na koma ciki na ƙarasa darasin.

Ba na raina wannan taro. An koya mana abubuwa masu amfani, kuma matan da suka shirya shi da zuciya ɗaya suka yi. Amma da ina gida, da na tsaya a bakin ofishin nan da mata ɗari biyu tun asuba, da na kira jami'an hukumar zaɓe da ya kamata su sa ido, da na ɗauki hoton kwaɗon da lokacin a jiki, na rubuta ƙorafi a ranar. Ko ban hana komai ba, da an zauna da ni an raba sunayen. A siyasarmu wanda ke wurin shi ake rabawa da shi. Wanda ba ya nan, sai dai a ce masa tamu ce.

Ranar zaɓen, matana sun cika bakin sakatariyar ƙaramar hukuma, cikin anko, da kalangu, rana na dukansu. 'Yan sanda sun ja igiya. Wajen sha ɗaya motoci biyu suka iso da daliget daga inda aka killace su kwana biyu. Na tsaya ina duban fuskokinsu suna saukowa. Rabinsu ban taɓa ganin su a taron jam'iyya ba. Akwai mata a cikinsu, kuma wannan ya fi komai ci min rai: matan shugabanni ne da ƙannensu, an sa su ne don a cike gurbin mata. Ɗaya daga ciki ni na kai ta asibiti lokacin haihuwarta ta biyu. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta wuce ta gabana tana kallon ƙasa. Ban riƙe ta ba. Ba ni na rubuta sunanta ba, kuma da mijinta za ta koma gida.

Bayan nan sai dattawa suka fara sintiri. "Hajiya, ki yi haƙuri, jam'iyya ba za ta manta da ke ba. Kada ki kai ɗan'uwanki kotu." Yau a ce ana magana da jiha, gobe a ce mai girma ya yi tafiya. Maigidana, wanda shi ke tuƙa ni zuwa tarukan ƙarfe ɗayan dare ya zauna a mota yana jira don kada a sami abin faɗa a kaina, shi ya ce mu dai ga lauya. Muka je rana ta goma sha tara. Lauyan ya buɗe Kundin Tsarin Mulki, ya nuna min sashe na 285: ƙarar da ta shafi abin da ya faru kafin zaɓe, cikin kwana 14 ake shigar da ita. Ya kuma gaya min gaskiya cewa ko da na zo da wuri shari'ar za ta yi wuya, tunda ba ni da wata takarda ta ranar da aka rubuta daliget. Ranar nan dai. Duk inda na juya, can nake komawa.

A ranar 1 ga Maris na shekarar, Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin gyaran tsarin mulki guda biyar da suka shafi mata, ciki har da na ware wa mata kujeru na musamman a majalisu da na ba mata kashi 35 cikin ɗari na shugabancin jam'iyyu. Mata sun yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisar. A lokacin hankalina ya fi karkata ga na kujerun. Yanzu na kashi 35 ɗin ne ke min ciwo, domin a cikin jam'iyya ake yanka mu tun kafin talaka ya ga sunanmu a takardar ƙuri'a. Sakamakon zaɓen 2023 kowa ya gani: cikin sanatoci 109 mata huɗu ne, ta huɗun ma, Natasha Akpoti-Uduaghan, sai da kotu ta karɓo mata. A Majalisar Wakilai mai kujeru 360 ba su kai ashirin ba. Majalisar Kano mai kujeru 40 babu mace ko ɗaya. Ina goyon bayan kujerun mata da dukkan zuciyata, amma idan masu rubuta sunayen daliget su ne dai na jiya, su za su zaɓi wadda za ta hau. A Adamawa kuwa, Aishatu Binani a zauren daliget ta kayar da maza a takarar gwamna, har da tsohon gwamna da Nuhu Ribadu, kafin ta kai ga babban zaɓe. Da na ji labarin na yi murna, na kuma ji zafi, domin ya nuna min ƙofar ba a kulle take da siminti ba.

Duk macen da ta zo min yanzu ta ce za ta fito, ba na fara tambayarta kuɗi ko fosta. Ina cewa ta nemo dokar zaɓen da ke aiki a wannan kakar da ƙa'idojin jam'iyyarta ta karanta da idonta, kada ta yarda da "an ce". Ta san ranar kowane ƙaramin zaɓe na mazaɓa, kuma ranar ko bikin 'yarta ne ta ɗaga shi. Idan an zalunce ta, ta fara ƙirga kwana daga ranar, dattawa na magana lauya na rubutu.

Muƙamin shugabar mata kuma na daina nema. Aikinsa tara jama'a ne da raba atamfa, ba a kiran mai shi idan za a rubuta sunaye. A mazaɓu uku yanzu muna shirya mata su nemi kujerar sakatare, domin a hannunsa rajistar 'yan jam'iyya take. Na sayi babban littafi mai bangon kwali, kowace mazaɓa da shafukanta: suna, lambar katin jam'iyya, rumfar zaɓe. Ƙanwata ke riƙe da shi. Atamfar ankon da ta rage tana nan a ƙasan akwati, turmi bakwai, har yau ban iya buɗe ta ba.