Baragurbi biyar da hunturu

Talata, bayan isha'i.

Hazo tun asuba. Gero da acca, sabon ruwa, reshen zogale a kowane keji. Su Ɗorawa, lobbad ɗina, ƙananan tsuntsayen nan dangin aku da nake kiwo, lafiya lau.

Wajen ƙarfe goma sai ga ƙanin Maman yara da akwatin sheƙa a cikin leda, fuska a murtuke.

"Yaya, namijin lobbad ɗin nan da ka ba ni ba ya aiki. Wata guda cur macen tana kwanci, ko ƙwai ɗaya bai fashe ba."

Ƙwai biyar ne. Muka shiga ɗaki, na rufe taga, na haska su ɗaya bayan ɗaya da tocilar waya. Na farko haske ya ratsa shi sarai, gwaiduwa ce kawai ke yawo a ciki. Wannan ba abin damuwa ba ne, sabon haɗi yakan yi haka. Sauran huɗun duhu ne, amma gurbin iskar da ke gefen mai faɗi ya ci kusan rabin ƙwan. Tun a nan jikina ya ba ni. Na ɗauki tsinken sakace na ɓare ɗaya ta wajen gurbin. Ga ɗa nan ya gama haɗuwa, baki da ƙafafu da farce, har ya shanye gwaiduwar. Tantanin da ke lulluɓe da shi ya yi fari fat, ya bushe kamar takarda, ya manne masa a kai. Na uku ma har ya huda ɓawo, 'yar ƙofa kamar kan allura, a nan ƙarfinsa ya ƙare.

Na ce, "To, suruki, namijin da ba ya aiki ne ya yi waɗannan?"

Ya sosa ƙeya.

Ƙwan lobbad kwana 21 zuwa 23 yake yi daga ranar da uwa ta zauna a kai sosai, kuma duk tsawon kwanakin yana rage ruwa a hankali ta ƙananan ƙofofin ɓawo. Haka ake so, da wannan ne gurbin iska ke girma. A ƙarshe ɗan ya fasa tantani, ya shaƙi iskar gurbin, ya huda ɓawo, sannan ya riƙa juyawa yana sarar sa har murfin ya buɗe. Daga huda zuwa fitowa yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu. In iska ta bushe, tantanin ya kama shi, ba halin juyawa. Laimar da ƙwan ke so kashi 50 zuwa 65 ne cikin ɗari. Wadda ke tsage mana leɓe a Janairu ko kusa ba ta kai nan ba.

Na tambaye shi me ya ba ta na sheƙa. Jarida da dusar katako. Wanka fa? Ya cire tasar tun da sanyi ya shigo, wai kar su yi mura. Kejin kuma yana baranda, ta gabas, inda iska ke kaɗawa.

"Amma Yaya, ba kai ka ce min tsuntsun busasshiyar ƙasa ba ne?"

Ni na faɗa. Irin nasa, mai fuska ruwan hoda, asalinsa Namibiya da kudancin Angola ne. Sai dai ko a can ba ya nisa da ruwa, kuma macen ɗanyen ɓawon itace da ganye take tsagawa, ta cusa a gashin gindin bayanta ta kai rami. Ta yi wanka, ta koma kan ƙwai da danshi a ƙirji. Duka biyun ya hana ta, da kyakkyawar niyya.

Na rubuta masa a bayan katin waya. Tasa marar zurfi, ruwa kamar santimita 2, a saka da hantsi bayan rana ta fito, a cire kafin la'asar. Ɗanyen ganyen dabino ko ɗanyar kaba, a wanke, a sabunta duk kwana biyu ko da tana kan kwanci, ita ta san yadda za ta yi da su. Keji ya koma lungu, a ajiye tukunyar ƙasa da ruwa a gefe, a rataya jiƙaƙƙen tawul a bangon kejin daga kwana na 18. Ban da fesa wa ƙwai ruwa kai tsaye, sanyi zai kashe su tun kafin bushewa ta yi. Kowane ƙwai a sa masa lamba da fensir ranar da aka yi shi, domin tsallake kwana take yi, na biyar ya bi na farko da kwana takwas. Haskawa sau ɗaya ta isa, bayan mako guda da fara kwanci, in an ga jan jijiya kamar saƙar gizo a mayar a bar ta.

Yanzu dai akwatin ya fita, wata biyu aƙalla. Ɓawon ƙwai dafaffe a daka mata, ko farin ƙashin kifin nan da ake ratayawa. Macen da ta yi ƙwai biyar ta zauna wata guda, in aka bar ta ta sake nan take, ƙwai na iya maƙale mata.

Yana ɗaura takalmi ya ce ko ya haɗa ta da mai farin zoben ido, ɗan Tanzaniya, tunda akwai a wajen abokinsa. Na ce kul. Za su iya yin 'ya'ya, amma galibi 'ya'yan ba sa haihuwa, kuma a hannun wani za su ƙare yana zagin wanda ya sayar masa.

Rana: kasuwa, gero ya ƙara kuɗi. Wuta ba ta zo ba.

Da magariba na leƙa Ɗorawa. Yau kwananta 19 a kan ƙwai. Kabar da na saka shekaranjiya ta bushe ƙayau, taɓa ta ka ji ƙaras. Tasarta cike, ko gashi ɗaya babu a ruwan, ba ta shiga ba ke nan. Na jiƙa tawul na rataya. Na kara kunne a jikin akwatin, tsit, sai ita da ke hura min hanci daga ciki.

Mai hudar nan kamar kan allura har yanzu yana kan taga a cikin murfin kwalba. Maman yara ta ce in zubar, sau biyu.