Ni da Kawu Sale a Marina

Yau tun asuba Rabi'u ya bugo wai kaya sun iso mu haɗu a kasuwar Idumota nan Legas. Ko karyawa ban yi ba na fito daga Agege, cunkoson motoci kuwa ba a magana. Kaya dai sun cika alhamdulillahi.

Kawu Sale ne ya matsa sai ya biyo ni, wai ya gaji da zaman ɗaki tun da aka yi masa aikin idon nan. Da muka gama muka gangaro Marina za mu nemi mota a tashar CMS, sai kawai na ga mutum ya ja ya tsaya yana kallon sama. Na ce Kawu lafiya? Ya ce kai ɗan nan ka san ginin can? Na ce ai NECOM House ne. Ya yi dariya ya ce mu dai ginin NET muka sani, kuma a gabana aka gama shi, lokacin ina da teburin shayi a bayan layin nan.

Daga nan fa baki ya buɗe, muna tsaye a rana 'yan danfo na ta ihu shi ko a jikinsa. Wai a 1979 aka kammala, shekarar da Shagari ya hau mulki, kamfanin Costain ne ya gina, hawa 32, in ka haɗa da doguwar eriyar ƙarfen da ke kansa mita 160 ke nan, kafin shi Cocoa House na Ibadan ne ake ji da shi. Ni wallahi kullum in na wuce tsohon bene kawai nake gani, siminti miƙe ba wani ado, ashe a lokacin in za ka yi waya Ingila ko Saudiyya ta hannun NET, kamfanin wayar ƙasashen waje da ke cikin gidan nan, muryarka ke fita. Abin da ya fi burge ni shi ne fitilar da aka sa can a ƙololuwa, wai da ita jiragen ruwa ke gane hanyar shigowa tashar Legas da dare. Gini ɗaya, ga aikin waya ga aikin jagora, gaskiya waɗanda suka zana shi sun yi tunani.

Sai kuma ya yi shiru, ya ce amma ranar gobara ba zan manta ba. Watan Janairu 1983. Ya ce hayaƙi ya turnuƙe saman ginin, jama'a sun cika titi ana ta salati, shi ko tukunyar shayinsa bai bi ta kanta ba. Kuma abin da kowa ke faɗa a gari a lokacin shi ne ana binciken wasu kuɗi da suka yi ɓatan dabo ne wutar ta tashi. Bayan shekara biyu Cocoa House ma ya kama. A 1985 aka haɗe NET da ɓangaren wayar hukumar gidan waya da tarho ta P&T aka yi kamfanin wayar ƙasa na NITEL, GSM ta shigo 2001, shi ke nan kowa ya manta.

Tun a mota abin ke cina. Ƙasa ta iya kafa irin wannan tun kafin a haife ni, amma yau ko ɗan allo mai bayanin tarihinsa ban gani ba a inda muka tsaya, kuma na tabbata in na tambayi su Abba da ke riƙe da waya dare da rana ba wanda zai san sunansa. Raina ya ɓaci sosai, har Maman Ummi ta ce ko asara na yi a kasuwa.

Tuwon dawa miyar kuka da dare, kaɗan na ci.

Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan zaunar da Kawu in ɗauki muryarsa a waya, ya ba ni labarin tun daga farko in sha Allah.