Talata, na wuni a Magazin

Na tashi da niyyar buɗe shago da wuri, ƙarshenta ko Adum, tsakiyar Kumasi, ban taka ba. Koko a wajen Mma Adiza, ƙosai ya ƙare kafin in iso, na haɗa da burodi. Daga nan sai Magazin, unguwar masu gyaran mota da ke Suame, inda motata Opel take kwance tun daren Lahadi, bayan Fuseini ya ja ni da igiya daga Krofrom, muna tafiya a hankali kamar masu rakiyar amarya, 'yan pragya, masu keke mai ƙafa uku, na ta danna mana hon.

Na tarar Baba Masta, makanikinmu, ya riga ya sa yaransa sun sauke injin. An baje kayan cikinsa a kan kwali, fistin huɗu a jere kamar an kasa tumatir. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Sai ya tura min wata roba da ƙafa, wadda suka tsiyaye baƙin mai a ciki. Abin da ke ciki kalar Milo ne da aka cika wa madara.

"Nuhu, tun yaushe take shan ruwa?"

"Baba, kwanan nan ne."

Bai ce komai ba. Ya yi wa Kwaku magana da Tonanci, yaren Asante, yaron ya zaga ya buɗe but. Ledojin piya wota ne fal, waɗanda na huda da haƙori na juye a lagireto na wurga baya, ga kuma rabin jaka da ban taɓa ba. Baba Masta ya leƙa, ya dube ni, ya ce, "Kwanan nan." Yaran suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

To, tunda a nan ba na ɓoye muku komai: tun bayan babbar sallah lagireton yake yoyo. Da farko leda biyu kowace safiya, sai huɗu, sai na fara tsayawa a hanya in ƙara. Allurar zafi tana hawa ina kallonta, in ce bari in kai Aboabo tukuna. Rukaya ta yi magana har ta gaji ta bari. Baba Masta kuwa ya warware min abin ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta wa ɓarawo laifinsa: zafi ya ƙona gasket, ruwa ya samu hanya ya shiga cikin mai, mai ya daina santsi, ƙarfe ya koma cin ƙarfe. Ya kama yatsana ya goga a jikin kirankishaf, na ji zane-zane kamar tsagar fuska. Kan injin ma ya lanƙwashe. Ƙarar da na ji a Krofrom, kwas-kwas-kwas, bugawar ke nan. Ya ce da na kawo ta tun farko, mai walda zai like lagireton kafin in gama cin wake, kuɗin kuma ba zai kai sidi 300 ba.

Duk wannan na haɗiye. Wadda ta tsaya min a wuya ita ce ta ƙarshe, yana goge hannu da tsumma, ko kallona bai yi ba:

"Shekara 14 babanka yana kawo min motar nan. Ban taɓa ganin cikin injinta ba sai yau."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

A 2005 babana ya saye ta, tun ana lissafi da tsohon kuɗi. Lambarta ma AS ce mai harafi a ƙarshe, irin ta kafin 2009 da aka koma saka shekara. Kullum bayan asuba, kafin ya sha ko ruwa, sai ya ɗaga bonet, ya zaro ƙarfen awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Muna yara muna yi masa dariya, wai yana gaida amaryarsa. Shi ya fara kawo ni wannan unguwa, shi ya gaya min sunan Magazin daga ma'ajiyar makamai ta zamanin Turawa ya samo asali, tun kafin maƙera da fitoci su cika wajen. Ya rasu a 2019 ya bar min ita tana tashi da murɗa ɗaya. Ni kuma na shayar da ita piya wota har ta mutu.

Da na samu bakin magana na ce, "Baba, yanzu me kuka gani?" Ya ce in ina so za a kai kirankishaf a goge, a daidaita kan injin, a sa sabon ringi da gasket, wajen sidi 6,000 in ba a ci karo da wani abu ba. Amma ya ce shi ba zai rantse min a kai ba, inji in ya ci wuta irin wannan, yau lafiya gobe hayaƙi. Ya fi karkata ga a ɗora wani, irin na hannu da ake saukewa daga Turai. Muka taka tare cikin layin masu injuna, man mota har idon sawu, wani ya ce 11,000, wani 9,500, na ƙarshe ya sauko 9,000 don ganin idon Masta, da sharaɗin in ya yi hayaƙi cikin sati biyu a dawo da shi a canza. Bayan sati biyu kuwa, kai da Allahnka. Ban da kuɗin aiki, ban da lagireto, ga giya ta uku da ta daɗe tana gardama, ga inshora da takardar lafiyar mota duk suna ƙarewa wata mai zuwa. Na buga a waya, abin ya doshi 13,000. Ko an gyara ta tsaf, wa zai ba ni abin da ya wuce hakan sosai a kan Opel, yanzu da kowa Vitz yake nema?

Muna dawowa muka tarar da wani ɗan kondem, mai sayen matattun motoci, ya hau bonet ya zauna, yana cin gyaɗa. Ban san wa ya kira shi ba, su dai kamar ungulu suke, daga nesa suke jin wari. Ya ƙwanƙwasa ƙofa da 'yar yatsa, ya leƙa ƙasa, ya ce 4,500, yau ɗin nan ta MoMo, wato turin kuɗi ta waya. Hankalina ya ce in karɓa. Bakina ya ce masa ya sauka daga kan motar babana. Har yanzu ina jin kunyar yadda na ɗaga murya, yaron neman abincinsa yake yi.

Baba Masta ya ce in je in yi tunani, amma kada ya wuce Juma'a, fili gare shi kaɗan.

La'asar a masallacin bayan garejin. Tirotiro, bas ɗin haya, zuwa Kejetia, wata zuwa Aboabo. Na manta yadda ake matsuwa mutum huɗu a layi ɗaya.

Yaya Awudu ya turo saƙon murya daga Italiya, minti bakwai. Taƙaicensa: a sayar, a daina binne kuɗi a rami, in ya zo zai duba yiwuwar turo ƙarama. Shekara uku ke nan yana dubawa. Kuma ko ya turo, kuɗin fito a tashar jirgin ruwa ta Tema da tarar motar da ta haura shekara 10 kaɗai sun isa su sa mutum zazzaɓi.

Mma, mahaifiyata, ita ce matsalar. Na shiga gaishe ta bayan magariba, ta ce, "Yaya jikin motar?" kamar mai tambayar mara lafiya. Na ce da sauƙi, ƙaramin abu ne. Ta ce nawa? Na ce inji ne ake magana, 9,000. Ta yi shiru tana juyawa zuwa nata lissafin, don ita canjin kuɗin 2007 bai iso ɗakinta ba har yau. "Miliyan 90? Shi ne ƙaramin abu?" Sai ta ce in ɗauko mata akwatin da ke ƙarƙashin gado, akwai sarƙarta ta Makka a ciki. Na ce a'a Mma, Allah ya kiyaye, ba a kai nan ba. Ta ce, "Ai tsufa ne, ta yi ƙoƙari. Babanku ma ya ce wata rana sai ta gaji." Na ce haka ne. Na bar ta ta ɗora wa tsufa. Rukaya tana bakin ƙofa da kwanon tuwo, ta dube ni, ba ta ce uffan ba.

Alhamis Mma na da ganin likita a asibitin Komfo Anokye, ƙarfe bakwai. Na yi wa Fuseini magana, ya ce in mai ya samu.

Ban yanke komai ba. Makullin yana aljihuna, duk da cewa ba abin da zai tayar. Rabin jakar ruwan nan Kwaku ya biyo ni da ita har bakin titi, wai na yi mantuwa. Na kawo ta gida, Rukaya ta zuba a firij, ita muka sha da tuwo.